Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Neman Gidan Haya a Makka

A makon jiya na tsaya a ranar da muka wayi gari muka tarar da jan fenti a bangon gidanmu na Jidda, an rubuta "ikhla", wato a tashi. Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021 ya zarce cikin 2022, ya share Gulail da Sabil da Kandara da Karantina, unguwannin da Hausawa suka yi shekara da shekaru a cikinsu. 'Yan ƙasa masu takardar fili an yi musu maganar diyya. Mu baƙi 'yan haya, namu kawai mu kwashe kaya kafin a yanke wuta. Wata biyar muka yi a ɗaki ɗaya a gidan yayan matata, ni da ita da yara biyu, surukata kuma tana kwana a falo cikin jikokinta. Haya a Jidda ta yi tashin gwauron zabo, domin dubban iyalai ne suka fito neman gida a lokaci guda.

Ana cikin haka kamfanin da nake wa aikin gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya samu kwangila a wasu otal-otal na Makka, aka tambayi wanda zai koma can. Ban yi shawara da kowa ba na ɗaga hannu. Da na dawo gida na faɗa, Inna, surukata ke nan, ta ɗaga hannuwa sama ta ce, "Alhamdu lillahi, Allah ya sa can ne makwancina."

Aka gama Hajjin 1443, Muharram ta kama, daidai da watan Agustan 2022. A Makka wannan ne lokacin neman gida, don alhazai sun watse, benaye sun koma fayau, ga makarantu na shirin buɗewa a ƙarshen wata. Lissafina a bayyane yake. Tun Yulin 2020 baƙo irina mai iƙama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, yana biyan riyal 400 a wata kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsa. Mata da yara biyu, riyal 1,200 ke nan duk wata, 14,400 a shekara, tun ba a sayi ko buhun shinkafa ba. Abin da zan iya warewa na haya bai wuce 18,000 ba, shi ma sai an yarda in biya kashi biyu, wata shida-shida.

Wanda ya yi mana jagora ƙanin mahaifin matata ne, dattijo haifaffen Makka, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa alhazai. Kawu nake ce masa kamar yadda take ce masa. Ranar Juma'ar farko da muka shige ta Shumaisi, shingen binciken da ke kan hanyar Jidda zuwa Makka, kafin mu ga gida ko ɗaya, ya ce da ni, "Ɗana, a garin nan ba a fara tambayar kuɗi. Ka fara tambaya wata nawa ne."

Ban fahimce shi ba sai da muka je Aziziyya. Bene ne mai hawa shida, da lif, da tayil mai sheƙi, ɗaki uku da falo, banɗaki uku, kowane ɗaki da mukayyif sabo. Da dillalin ya ce 13,000 sai da na sake tambayarsa. Matata ta shiga kicin tana buɗe durowa tana rufewa, fuskarta ta washe irin yadda rabon da in gani tun kafin jan fenti. Kawu bai ko zauna ba. Ya ce da dillalin, "Shekara ko wata goma?" Mutumin ya ce wata goma. Ruwa ba ya tsami banza. Aziziyya tana maƙwabtaka da Mina, don haka masu benaye da yawa a can suna ba mazauna gari haya daga Muharram zuwa wajen Zulƙida, sannan a fita a bar wa alhazai, saboda abin da mai gida ke samu a 'yan makonnin Hajji yana iya fin na sauran shekarar. Akwai iyalan da suka saba da haka, duk shekara su ɗaure kaya su kai ajiya, su tafi Jidda ko Ɗa'if wajen dangi. Mu da muka fito daga wata biyar a ɗakin aro, da me za mu fara? Kuma lokacin Hajji shi ne lokacin da ba na ganin gida sai tsakar dare, domin mukayyif ɗaya ya tsaya a otal, waya ba ta barin mutum ya runtsa. Muka sauko ba wanda ya ce uffan.

Juma'a ta biyu ita ce wadda har yau ba ta bar zuciyata ba. Matata ta ce, "Malam, yau dai a kai ni Shara Mansur." Duk Bahaushen da ya taɓa zuwa aikin Hajji ko Umara ya san sunan nan. Muna shiga da la'asar sakaliya hayaƙin tsire ya tare mu, wanda Larabawan Makka da kansu suke zuwa saye suna kiransa "siriya". Mata zaune a bakin lungu da robobin kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa, wata na dama fura, yara na guje-guje suna haɗa Hausa da Larabci a baki ɗaya. Ba mu yi taku ashirin ba wata mata ta ƙwalla kiran sunan matata. Maƙwabciyarmu ce ta Jidda, wadda ta yi mata wankan jego a haihuwar fari. Tun ranar da katafila ta shigo layinmu ba su sake haɗuwa ba. Suka rungume juna a tsakiyar hanya suna kuka, ni da Kawu muka juya baya muna kallon motoci.

Ita ce ta kai mu wani gida da za a bayar a saman dutse. Na ƙirga matattakalar da muka hau daga inda mota ke tsayawa, 74. Ɗaki uku ne da ɗan tsakar gida a sama, inda za a iya shanya da hura gawayi, riyal 11,000 a shekara, kuma mai gidan ya ce ko wata-wata zai karɓa tunda 'yan uwa ne suka kawo mu. Mitar wuta ɗaya ce da mutanen ƙasa, a raba kuɗi a ƙarshen wata. Ruwa kuwa in ya yanke sai an kira wayit, tankar ruwa ke nan, ta tsaya a ƙasa a jawo tiyo. Duk wannan zan iya jurewa. Sai na tambaye shi ko za mu rubuta yarjejeniya a Ejar, shafin gwamnati da ake rajistar haya a kai. Ya yi murmushi ya ce gidan gado ne, ba shi da takardar mallaka, maganar baki ita ce takarda, kuma shekara arba'in ba a taɓa jin kansa da ɗan haya ba. Na yarda da shi, don da ganin dattijon ka san ba mai cin amana ba ne. Amma mai gidanmu na Jidda ma ba mai cin amana ba ne.

Na hau rufin gidan ni kaɗai. Daga can ana hango inda aka yanka tsakiyar tsofaffin unguwanni don aikin Masar, babbar hanyar nan mai tsawon sama da kilomita 3 da ta taso daga wajen tashar jirgin ƙasa ta Rusaifa ta nufi Harami. Fili ne fetal da ƙarafan gini, inda a da gidajen mutane ne irin wanda nake tsaye a kai. Gabana ya faɗi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

A mota muka yi maganar da ba mu taɓa yin irinta ba a gaban babba. Ta ce, "Malam, kai da safe za ka fita, sai dare. Ni ce mai zama. In yaro ya yi zazzaɓi, ƙofar wa zan buga? In na haihu, wa zai dafa mini ruwa?" Na ce ba zan sake ɗaukar 'ya'yana in sa su a gidan da za a zo a shafa wa fenti ba. Ta ce ai ba a shafa ba tukuna. Na ce a Jidda ma da ba a shafa ba. Na kawo maganar gwiwar Inna da matattakala 74. Ta ce Inna ta fi son ta hau dutse ta sami abokan hira da a ajiye ta a lif ba mai ce mata sannu. Kawu yana tuƙi, bai sa baki ba har muka kusa fita gari. Sannan ya ce, "Ku duka kuna da gaskiya, shi ya sa abin ya yi zafi. 'Yata, ki yi haƙuri. Ɗana, kai kuma ka san abin da kake karɓa daga hannunta."

A satin nan na duba Ka'akiyya da Shauƙiyya bayan an tashi daga aiki. Unguwanni ne masu kyau, ga babbar kasuwar kayan gwari kusa, amma duk abin da ya yi mini ya haura 22,000. Na haƙura.

Saura Shara'i, can gabas a kan hanyar Sail mai zuwa Ɗa'if. Unguwa ce shimfiɗaɗɗiya da aka yanka fuloti-fuloti, kowane yanki da lambarsa, tituna a miƙe, gidaje da takardunsu. Da Inna ta ji sunan, sharaɗi ɗaya ta kafa. Ta ce, "Ni dai kada a fitar da ni daga Harami." Wanda bai zauna a Makka ba zai ɗauka duk garin Harami ne, alhali akwai iyaka, da alamomi a kan hanyoyin shiga, kamar wadda ke Tan'im wajen Masallacin A'isha. Gari ya faɗaɗa har ya tsallake iyakar ta wasu ɓangarori, kuma Shara'i na cikin wuraren da iyakar ta ratsa: wani yanki ciki, wani waje. Malamai da dama suna ganin ladan salla dubu ɗari ya game duk abin da ke cikin iyakar, wasu kuma sun taƙaita shi ga masallacin Ka'aba. Shi ya sa za ka ga dillali ya rubuta "cikin haddin Harami" a tallarsa, kuma kuɗin ba ya zama ɗaya da na waje. Ga tsohuwar da ba ta iya zuwa ɗawafi sai an tura ta a keke, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Mun sami hawa na ɗaya a wani bene na iyalai zalla, ba a ba gwauraye. Ɗaki uku, mita tamu mu kaɗai, 17,500 a biya biyu, cikin iyaka. A nan na ga yadda Kawu ke duba gida. Bai kalli fenti ba. Ya sa mai gadi ya buɗe masa tankin ƙasa ya leƙa, ya tambaye shi sau nawa aka kira wayit a watan da ya wuce. Ya zagaya bayan ginin yana duban gindin katanga ko akwai shatar ambaliya, don Makka gari ne na kwaruruka, ruwan awa ɗaya kan mai da titi kogi. Ya tambayi inda makarantar firamare take, muka taka da ƙafa, minti bakwai. Sannan ya ce ba za a sa hannu ba sai mun dawo da dare. Muka dawo muka yi Isha a masallacin layin, ya tsaya yana gaisawa da mutane, yana kallon wa ke zaune a bakin titi bayan salla, motoci nawa ne, akwai hayaniya ko babu. Sahu uku aka yi. Ban ji Hausa a bakin kowa ba.

Washegari na je ofishin dillalin. Ya shigar da yarjejeniyar a Ejar, saƙo ya shigo wayata, na amince, na biya wata shida da la'adarsa ta kashi biyu da rabi cikin ɗari. Da na ga sunana da lambar iƙamata a kan takardar da hukuma ta sani, wani nauyi ya sauka daga ƙirjina wanda na ɗauka tun ranar jan fenti. A nawa ɓangaren ke nan. A nata ɓangaren, daga Shara'i zuwa Shara Mansur sai an ratsa gari, ni kuma ranar Juma'a kaɗai nake da hutu. Motocin bas na Makka da aka fara gwajinsu a shekarar, kyauta a lokacin, sun taimaka daga baya, amma mace da yara biyu a zafin Agusta ba kullum za ta tsaya jiran bas ba. Na san haka sarai lokacin da nake danna amincewa a waya, kuma na danna.

Ranar da muka kawo kaya daga Jidda, Inna ta sa aka zaunar da ita a bakin taga, ta tambayi ina alƙibla, aka nuna mata, ta yi shiru tana jan carbi. Matata ta share ɗakunan tas, ta jera tukwane, ba ta ce gidan ya yi ba, ba ta ce bai yi ba. Da magariba ta sako abayarta ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, kafin ka mai da motar mutane, ka kai ni Shara Mansur in sayo kuka da daddawa."

Na ce ai akwai sauran wanda muka taho da shi.

Ta ce, "Na sani. Ka dai kai ni."

Na ɗauki makulli muka fita. Sai ƙarfe goma sha ɗaya muka dawo, ledar kukar tana kan cinyarta, yaran sun yi barci a baya. Abin da ya faru da Inna a wata na uku da tarewarmu, da dalilin da ya sa na sake hawa matattakalar nan 74 da ƙafata, shi zan kawo a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.