P0700: lambar da ta sa na sayar da lafiyayyen akwatin giyar motata

Har yau idan na tuna launin man nan sai raina ya sosu. Ina tsaye a garejin, yaro ya kwance ƙusar ƙasa, man giya ya zubo cikin roba ja wur, ba ƙauri, ba ɓurɓushin ƙarfe. Da idona na gani, amma ban ce a dakata ba. Na bari aka sauke akwatin.

Motar ta hannu ce, wato wani ya taɓa amfani da ita, otomatik, an shigo da ita daga Turai ta Duwala, kuma shekara uku ina zirga-zirga da ita tsakanin Garwa da Ngaundere ba ta taɓa ba ni kunya ba. A watan Agusta, bayan wani ruwan dare, na keta wani kwari a unguwarmu, ruwa ya kusa kai ƙofa. Kwana tara bayan haka, na wuce Ngong kaɗan, sai ta yi wata fizga kamar an doke ta ta baya, fitilar injin ta kama, ta maƙale a giya ta uku. Allurar gudu ma ta faɗi ƙasa, ta tashi, ta sake faɗuwa. A haka na lallaɓa na dawo gida.

A gareji suka soka wata 'yar na'ura a soket mai rami 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, suka haɗa da wayar hannu. Lamba ɗaya ta fito: P0700. Mai garejin ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, sai haƙuri, bwat ta tafi," wato akwatin giya ya lalace. Da akwatin na hannu da mai da kuɗin aiki, sefa dubu 380 suka fita daga aljihuna, bayan an cire ɗan abin da mai sayar da kayan gyara ya ba ni na tsohon nawa, dubu 40. Kuɗin da na ware na makarantar yara ne, ga Satumba a bakin ƙofa.

Kwana uku kacal, fitilar ta dawo. Fizga iri ɗaya, giya ta uku, allura tana rawa.

Wani abokina direba ne ya kai ni wurin wani dattijo mai gyaran wutar mota, wanda ke da babbar na'urar da makanikan nan ke kira balis. Da na gaya masa lambar, sai ya ce, "Ɗana, ai wannan sallama ce. Wa ya karɓi saƙon?" Ya zaunar da ni a benci ya yi mini bayani. Motata ƙwaƙwalwa biyu gare ta, ta injin da ta giya. Idan ta giya ta ga matsala, takan rubuta ainihin lambar a wurinta, sannan ta roƙi ta injin ta kunna fitila. Wannan roƙon shi ne P0700. Ba ya cewa akwati ya lalace, ba ya cewa wane ƙarfe ne ya ci. Ƙananan na'urorin da ake haɗawa da waya kuwa, yawancinsu a ƙwaƙwalwar injin suke tsayawa.

Ya shiga ta giya, sai ga P0720, wato layin kaptar, 'yar na'urar da ke auna gudun da ke fita daga akwati zuwa tayoyi. Bai ce a sayo kaptar ba. Ya sa aka ɗaga motar, aka tayar, aka sa giya, ya juyo mini da allon. Gudun da ke shiga akwati daga injin yana hawa daidai da totur, gudun fita kuma sifili, alhali tayoyi na juyawa a gabanmu. Ya miƙa hannu ya girgiza wayar wutar da ke zuwa kaptar, adadin ya bayyana, ya ɓace. Da ya zare soket ɗin kaptar ya haska tocila, cikinsa kore shar da tsatsa, ƙafa ɗaya ta cinye saura zare. Ruwan kwarin nan ne. Soket ɗin kuwa a jikin wayoyin mota yake, don haka da aka canja akwati, shi ɗin dai aka mayar aka soka a sabon. Ya yanke, ya dasa wani, ya naɗe. Sefa dubu 15.

Na ce, "Baba, to tsohon akwatina fa?" Ya tambaye ni launin mai. Na gaya masa. Bai ce komai ba, ya ci gaba da naɗe wayarsa.

Ba na ɗora wa mai garejin farko duka laifin. Abin da na'urarsa ta nuna masa ke nan, kuma ni na matsa ina son mota kafin Juma'a. Amma allurar nan fa? A motoci da yawa daga wannan kaptar take samun labarin gudu. Haƙoran giya ba sa sa allura rawa. Ban ma ambace ta ba ranar, ban kuma faɗi zancen ruwan ba, don ba wanda ya tambaya. Duk wanda zai kai mota, ya faɗi abin da ya faru makonni biyu baya, ko da yana ganin bai shafi giya ba.

Yanzu na san karatun kaɗan. Bakwai ɗin nan da ke bayan P0 ta ɓangaren giya ce. P0715 kaptar gudun shiga, P0740 kulocin konbata (abin da ke haɗa injin da akwati), P0750 solenoyid na canjin giya (bawul mai aiki da wuta da ke buɗe wa mai hanya). Kowace a cikinsu layi take nunawa, kuma layi ya haɗa waya, soket, da abin da kansa, sai an gwada a san wanne. Wadda za ta tayar mini da hankali ita ce P0730, lissafin giya bai yi daidai ba, musamman idan mai ya yi baƙi yana ƙauri, ko an ga garin ƙarfe a farantin mai na ƙasan akwati. Nan ne ake fara zancen buɗe akwati. Kuma kada ka yarda a goge lamba kafin a ɗauki hotonta, domin tare da ita ƙwaƙwalwa ke ajiye gudu da zafin injin na lokacin da abin ya faru. Ni an goge tawa ranar farko don "a gani ko za ta dawo". Batir ma a auna shi, wajen bolt 12.6 a kashe, kusan 14 idan injin na aiki, don raunin wuta kan sa ƙwaƙwalwar giya ta yi ta ƙorafin da ba shi da tushe.

Makon jiya na hau tsaunin Mbe da kaya cike da but, tana canja giya lami lafiya. Da na dawo na biya ta shagon mai kayan, ko zan fanshi tsohon akwatina in ajiye. Ya ce ai tun makon da na kawo shi wani daga Marwa ya saya, kuma ya bugo waya yana godiya, wai bai taɓa samun mai kyau irinsa ba.