Abin da na koya daga malamin da ya tona kufan Ai

A shekarar ƙarshe ta karatuna a sashen nazarin addinai, an ba ni aikin rubutu a kan babi na 7 da na 8 na Littafin Joshuwa, inda aka ba da labarin cin garin Ai. Na zaci aikin mako biyu ne. Wata uku na yi a kansa, kuma sanadin hakan wani mutum ne da ban taɓa jin sunansa ba, Joseph Callaway.

A zamaninsa, Callaway malamin Tsohon Alkawari ne a makarantar tauhidi ta 'yan Baftis da ke Louisville, jihar Kentucky a Amurka. Mai bi ne, fastoci yake koyarwa. Ya koyi aikin tono a hannun Kathleen Kenyon, matar da ta tona Yariko, sannan daga 1964 zuwa 1972 ya jagoranci tono a wani tudu da ake kira et-Tell, kusa da ƙauyen Deir Dibwan, gabas da Ramallah. Yawancin masana suna ganin nan ne Ai. Sunan ma da Ibrananci kusan kufai yake nufi.

Kafin shi, wata mai bincike, Judith Marquet-Krause, ta yi tono a wurin daga 1933 zuwa 1935, ta ce ba kowa a tudun a zamanin da ake sa ran Joshuwa ya zo. Callaway ya sake dubawa a tsanake, shimfiɗa bayan shimfiɗa, yana tantance tsingaron tukwane, domin da fasalin tukunya ake gane zamani. Ya tarar da babban birni mai ganuwa wanda aka rushe wajen shekara 2400 kafin haihuwar Almasihu. Daga nan shiru, fiye da shekara dubu. Sai wajen 1200 wasu suka zo suka kafa ɗan ƙauye mara ganuwa a kan kangon. Ke nan a tsakanin lokacin, wanda a cikinsa ake sanya zamanin Joshuwa, babu birnin da za a ci da yaƙi.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda ya yi da wannan sakamako. Da farko, a 1968, ya gwada cewa wataƙila ƙauyen nan ne Joshuwa ya ci. Ina ganin dalilinsa, zuciya tana son abin da aka rene ta a kai. Amma da hujja ta ƙi tsayawa, ya saki wannan ra'ayi, ya rubuta a fili cewa abin da ƙasa ta nuna bai dace da labarin yadda aka saba karanta shi ba. Ya faɗi haka yana koyarwa a wurin da irin wannan magana ke iya jawo wa mutum tsangwama.

Ni kuwa a rubutuna na farko na ɓoye. Na kawo ra'ayin Albright, wani masanin tono ɗan Amurka, cewa wataƙila labarin cin Betel, garin da ke kusa da Ai, ne aka jingina wa Ai, na kawo na masu cewa Ai tana wani tudun dabam, na tsallake giɓin shekara dubun nan cikin layi ɗaya, don kada ya dame ni. Malamina ya ja layi a ƙarƙashinsa da jan biro, ya ce, "Ɗana, a nan aikin yake, kai kuma nan ka gudu."

Na ji kunya, domin gaskiya ya faɗa. Na koma na karanta rahoton tonon kansa, har da zanen ramuka da jerin tukwane da a da nake tsallakewa. A can na fahimci cewa tsingaro yana iya faɗa maka yaushe aka zauna a wuri, yaushe aka tashi, amma ba zai faɗa maka abin da marubucin Joshuwa yake so mutanensa su ji game da zunubin Akan ba, mutumin da labarin ya ce ya ɓoye ganimar da aka haramta, har aka ci Isra'ila a karon farko a Ai. Tambayoyi biyu ne, kowacce da kayan aikinta, kuma na daina tilasta wa ɗaya ta amsa ta ɗayar.

Yanzu ni ma ina duba rubutun ɗalibai. Idan na ga sakin layin da ya gajarce ba dalili, nan nake fara tsayawa, in kira mai shi mu zauna. A rubutuna na biyu, giɓin Ai ya ci shafi tara.