Abin da na koya game da kitsen da jijiya ke haɗawa da kanta

A shekarar da na fara zagayen marasa lafiya a Garwa, wani dattijo mai sayar da kilishi, siriri kamar kara, ya riƙe hannuna bayan an gaya masa cewa kitse ne ya toshe jijiyar wuyansa har ɓarin jikinsa ya shanye. Ya ce, "Ɗana, ni da ba ni da tsoka, ina kitsen ya fito?" Na ce, "Baba, daga abinci ne," domin a lokacin ina ɗaukar jijiyar jini tamkar kwata ce da maiƙo ke daskarewa a cikinta. Amsar ba ta gamsar da shi ba, ni ma ba ta bar ni na yi barci ba.

Karatu ya nuna mini cewa a cikin bangon jijiya abin yake faruwa. Wani nau'in kitsen jini, wato kolestarol ɗin da ake kira LDL, yakan kutsa ƙarƙashin fatar cikin jijiya, sai ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira makrofaj su biyo shi su haɗiye. Da bangon ya yi kauri, oksijin ba ya iya ratsawa zuwa tsakiyarsa, domin tafiyarsa a cikin nama ba ta wuce wani ɗan kaso na milimita ɗaya ba, ga kuma makrofaj ɗin suna cinye ɗan abin da ya iso. Jini cike da oksijin yana wucewa dab da su, su kuwa suna shaƙewa: ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Wannan wurin ne ya fi tsaya mini a rai. Ƙwayar da ta rasa oksijin takan tayar da wani furotin mai suna HIF-1, wanda masanin kimiyya Gregg Semenza ya gano, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel ta 2019 tare da wasu masana biyu, Kaelin da Ratcliffe. Daga nan ƙona kitse yakan ragu, kamar itacen da mai gawayi ya rufe da ƙasa, ba ya cinyewa sai dai ya yi baƙi. Ƙwayar takan ƙara haɗa sabon kitse da kanta, ta kuma rage fitar da kolestarol ɗin da ta tara. Ranar da na fara ganin irin waɗannan ƙwayoyi a madubin likita, an rina su da jan rini, cikinsu maƙil da ɗigo-ɗigon mai kamar kumfar sabulu, fuskar dattijon nan ce ta faɗo mini.

Ban daina yi wa mutane magana a kan man shanu da soye-soye ba, domin LDL shi ne mafarin cutar. Amma yanzu, da na san ɓarnar da ƙarancin oksijin ke yi, nakan yi tambaya a kan shan taba, nakan auna hawan jini ko da mutum ramamme ne, nakan kuma tambayi uwargida ko maigida yana minshari har numfashinsa ya riƙa ɗaukewa cikin dare.