Godiya ga waɗanda suka warware mini tsarin bincike

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, jiya kwamiti ya amince da tsarin bincikena, an ba ni izinin fara aiki. Na zo in yi godiya, kuma kaso mafi tsoka na waɗanda ba 'yan sashenmu ba ne.

Wata biyu da suka wuce aka tara mu, ɗalibai masu shirin fara bincike daga sassa daban-daban, kowa ya gabatar da nasa cikin minti 10. Maganar gaskiya, na je ne don an ce dole. A raina ina cewa, me ɗan sashen Harsuna zai ƙarar da mai nazarin ƙwayoyin cuta? Nawa kan alaƙar ruwan sha da gudawar yara ne, kuma ina ji da shi.

Ban ko koma kujerata ba wata 'yar'uwa daga sashen Ƙididdiga ta jefo tambaya: idan gidajen da ruwansu ya gurɓata su ne kuma ba su da makewayi mai kyau, ta ina zan gane wanne ya jawo ciwon? Na yi tsuru-tsuru. Bayan an tashi ta zauna da ni, ta nuna mini abubuwan da ya kamata in riƙa rubutawa a kowane gida don in iya raba ɗaya da ɗaya, muka kuma sake lissafin yawan gidajen da zan shiga. Malama, Allah ya saka da alheri.

Ɗan'uwa daga sashen Labarin Ƙasa shi ya ce in ɗora sakamakona a kan taswira. Ya tuna mini da likita John Snow, wanda a 1854 ya bi gidajen da kwalara ta yi kisa a unguwar Soho ta Landan, ya ga sun kewaye famfo ɗaya a titin Broad, a zamanin da yawancin likitoci ke ɗora laifin a kan gurɓatacciyar iska. Na san labarin tun aji ɗaya. Abin da ban sani ba, sai wani ɗan Tarihi ya ƙara: limamin coci Henry Whitehead, wanda da farko bai yarda da Snow ba, shi ya bi gida-gida yana tambaya saboda ya san mutanen unguwar, har ya gano jaririyar da ake ganin daga gidansu cutar ta shiga rijiyar famfon.

Shi kuwa ɗan Harsunan da na raina, takardar tambayoyina ya kama. Ya ce kalmar "gudawa" kowace uwa da yadda take fahimtarta, kuma ba mai tuna abin da ya faru wata 6 baya. Yanzu na koma ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, bayan gida mai ruwa sau 3 ko fiye a rana, tambayar kuma ta tsaya kan mako 2. Malam, a yafe ni.

Ina gode wa malamina mai duba aikin, da ya haƙura na kawo masa tsari na biyu bayan ya gama gyara na farko, da malaman da suka shirya zaman. Allah ya ƙara ilimi mai amfani.

Mako mai zuwa zan fara ɗibar samfurin ruwa, in sha Allahu. Mutumin taswira, kar ka kashe waya, har yanzu na'urar GPS ɗin nan mai nuna wuri a taswira tana ba ni wahala.