Kufan Zollverein da Masaƙun Kakuri

A birnin Essen na ƙasar Jamus akwai wata tsohuwar mahaƙar kwal mai suna Zollverein, wadda aka daina haƙa a cikinta a 1986, sannan aka kashe wutar masana'antar gasa kwal da ke gefenta a 1993. Maimakon a yayyanka ƙarafan a sayar wa 'yan gwangwan, sai aka bar dogayen bututun hayaƙi da jerin tanderu a inda suke, har hukumar UNESCO ta sanya wurin cikin wuraren tarihi na duniya a 2001.

Aikin tanderun shi ne ya fi jan hankalina. Ɗanyen kwal bai dace da narka tama ba, domin yana ɗauke da kwalta da sauran datti da ke ɓata ƙarfe. Saboda haka ake zuba shi a cikin siraran ɗakuna na bulo mai jure wuta, a toshe hanyar iska, a gasa shi da zafin da ya kai digiri 1,000, har kwaltar da iskar gas su fice, a samu dunƙule mai tauri wanda ke ci da zafi sosai. Duk wanda ya taɓa ganin masu gawayi sun binne itace da ƙasa ya riga ya fahimci dabarar. Wani mai masana'antar ƙarfe, Abraham Darby, shi ne ya fara narka tama da irin wannan gasasshen kwal a Ingila a 1709. Yanzu a Zollverein akwai gidan tarihi, kuma da hunturu har wasan zamiya a kan ƙanƙara ake yi a gefen tanderun.

Mu ma a Kaduna kwal ba baƙo ba ne. An gano shi a yankin Inugu a 1909, kuma da shi jiragen ƙasa masu tururi suka riƙa shigowa tashar Kaduna kafin zuwan injinan dizal. Sai dai kufan da ya fi kusa da mu yana Kakuri, inda aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles Limited (KTL) a 1957. A ganina ya kamata a ware ɗaki guda na tsofaffin injinan saƙa, a gyara rufinsa, a ɗauko tsofaffin ma'aikata su riƙa yi wa ɗalibai bayanin yadda auduga ke zama yadi, tun da sauran waɗanda suka san aikin.