Giwan ruwa yana gindin gungume

Ƙannena masu sha'awar fatsa, shekara biyu na yi ina gudun wurin da kifi yake. A ƙasan Yawuri, inda Kogin Neja ke buɗewa ya shiga tafkin Kainji, akwai itatuwan da ruwa ya shanye tun da aka gama madatsar a 1968, ga kuma gumagumai da ambaliya ke kawowa. Ranar farko da na jefa ƙoton roba a cikinsu, guda uku na bari a can kafin hantsi. Raina ya ɓaci, na koma jifa a fili inda ba abin da zai riƙe min ƙugiya, kullum kuma in dawo gida hannu rabbana.

Wani dattijo cikin Sarkawa ne ya tausaya min. Ya nuna min da filafili inda ruwa ke kwanciya a bayan wani gungume, ya ce nan giwan ruwa ke kwanto, kansa na fuskantar inda ruwa ke gangarowa, yana jiran ƙaramar karfasa ko kawara ta gifta. Ni kuwa daga sama nake tsayawa, ina jan ƙoto yana haurowa ta bayansa. Wane ƙaramin kifi ne zai bi giwan ruwa ta wutsiya? Ku tsaya ta ƙasan itacen, ku jefa sama da shi, ku bar ruwa ya kawo ƙoton. Ku ja shi a tsawon gungumen, kada ku ratsa shi. Tsayuwar ƙasa ta fi aminci ma, domin ruwa ba zai danna kwalekwalenku a kan rassa ba.

Kuskurena na biyu a ƙoton yake. Mai ƙugiya baki uku nake so saboda kyansa, alhali cikin rassa duk bakin nan maƙalewa yake nema. A nan na roba mai laushi ya fi, da ƙugiya ɗaya wadda aka soke tsininta cikin jikin robar. Sai kifi ya danna ta take fitowa. Idan kun ji ƙoton ya taɓa itace kada ku fizga. Ku ɗaga sanda a hankali ya haye, ku bar shi ya faɗa ta ɗaya gefen. Sau da yawa a wannan faɗuwar ake cafke shi.

Akwai abin da ba wanda ya gaya min sai da na yi asara. Da yawa cikin irin wannan ƙoto an ƙera su ne don wani kifin Amurka da suke kira bass, wanda mafi girmansa da aka kama da fatsa kilo 10 ne da ɗan ɗoriya. Giwan ruwa kuwa yana iya haura kilo 100. Wata asuba na ji nauyi kamar na kamo buhun hatsi, zare ya yi ƙara, sai sanda ta saki. Da na jawo, ƙugiyar ta miƙe kamar allura. Na daɗe zaune ina kallonta a tafin hannuna. Ku cire ƙugiyar da ƙoton ya zo da ita, ku sa mai kauri. Ku ƙulla zare mai kauri kamar kamu biyu a gaba, domin marfin kunnen giwan ruwa kaifi gare shi. Inda kifin tsage ya yi yawa kuwa, waya za ku sa, haƙoransa ba sa barin zare.

Idan ya kama, kada ku ba shi zare da farko. Ku karkata sanda, abokin tafiya ya tuƙa baya, ku raba shi da itacen tukuna, sannan ku bar shi ya gaji a fili. Bayan kowane kifi, ku bi zaren da yatsu. In kun ji kaushi, ku yanke ku sake ƙulli kafin jifa na gaba.