Bayan an naɗe tabarmin makoki

Ranar da aka yi addu'ar ukun kawuna, kafin la'asar an naɗe tabarmin ƙofar gida, masu haya sun kwashe kujerunsu, gidan da ya kwana uku ana jin "ya haƙuri" ta kowace kusurwa ya yi tsit. A ganina daga ranar ne mutanen gidan suka fara sanin an yi musu rashi, kuma kowannensu da irin nasa.

Autansa yana da shekara 6, sai aka ce masa Baba ya yi tafiya. Yaron ya yi kusan wata biyu yana rugawa zaure duk lokacin da ya ji tsayuwar babur. Mun yi hakan ne don tausayi, amma yanzu ina ganin mun cuce shi, domin yaro yana ɗaukar magana yadda aka faɗa masa. Da mun zaunar da shi mun gaya masa cewa Allah ya karɓi ran Baba kuma ba zai dawo ba, da ya yi kukansa a lokacin da akwai masu rarrashinsa.

Matar kawun nawa kuwa ta shiga takaba, wata 4 da kwana 10, kamar yadda aya ta 234 a Suratul Baƙara ta tanada. Mata sun yi ta zirga-zirga a makon farko, amma ana wuce arba'in ƙafa ta ɗauke, alhali a lokacin ne take buƙatar mai yi mata cefane da mai bin zancen kuɗin makarantar yara. Da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya zo daga yaƙin Mu'uta a shekara ta 8 bayan Hijira, Annabi (SAW) ya umarci a dafa wa iyalinsa abinci saboda abin da ya same su ya shagaltar da su. Mu kuwa mun juya lamarin, mun bar masu makoki da ɗora tukunya don baƙi.

Wanda aka manta da shi gaba ɗaya shi ne aminin marigayin, dattijon da suka yi karatun allo tare. Tunda ba dangi ba ne, ba wanda ya yi masa ta'aziyya, shi ne ma yake yi wa wasu. Har yau idan an idar da sallar magariba yakan zo ya zauna a dakalin da suka saba hira, in na gaishe shi ya amsa, sai an kira isha'i ya tashi.